Yadda Na Noma Bitirut a Gida, Daga Zaɓen Iri Har Zuwa Ajiya

Bitirut, shuka mai kaurarriyar jar saiwa da ake ci, yana cikin kayan lambun da mai ɗan ƙaramin fili zai iya nomawa ko da bai mallaki gona ba, kuma wannan ne ya sa na ware masa fangali ɗaya a bayan gida, na ƙara da wasu 'yan tukwane a gefen da rana take daɗewa. Yawancin nau'o'insa suna isa girbi a cikin kwana 50 zuwa 70, saiwarsa ba ta cin fili, sannan ana cin ganyensa kamar yadda ake cin saiwar, saboda haka kusan babu abin da ake zubarwa a jikinsa. Abin da aikin ya nuna mini tun daga shuka har zuwa girbi shi ne, bitirut ba ya neman abubuwa da yawa, amma ba ya jure wa tsaiko. Duk lokacin da girmansa ya tsaya, ko don ƙishirwa, ko don cunkoso, ko don zafin da ya wuce kima, sai an ga alamar hakan a cikin saiwar ranar da aka yanka ta.

Kafin in nemi iri, na ga ya dace in san halin shukar da zan yi hulɗa da ita. Sunanta na kimiyya Beta vulgaris, danginsu ɗaya da alayyafo, kuma asalinta wani tsiro ne na daji da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum da gaɓar Tekun Atilantika ta ɓangaren Turai. Daga wannan tsiro ɗaya aka samo jan bitirut da muke ci, da wanda ake nomawa don ganyensa kawai, da wanda ake ciyar da dabbobi, da kuma farin nan da ake yin sukari da shi, wanda masanin kimiyya ɗan Jamus Andreas Marggraf ya nuna a birnin Berlin a 1747 cewa sukarin da ke cikinsa iri ɗaya ne da na rake. Wannan zaƙi da ke cikin saiwar guzuri ne da shukar take tarawa don kanta, domin rayuwarta ta shekara biyu ce: a shekarar farko tana yin ganye ta cika saiwa da abinci, a ta biyu kuma, bayan sanyi ya wuce ta kanta, sai ta kwashe abincin nan ta fitar da dogon kara ta yi fure da iri. Mai lambu yana shiga tsakani ne ya karɓe guzurin kafin a kashe shi, don haka duk abin da zai sa shukar ta zaci lokacin fure ya yi, asara ce a gare shi.

Wajen zaɓen iri ban wahalar da kaina ba. Na ɗauki Detroit Dark Red a matsayin wanda zan fi dogara da shi, nau'in da aka fitar a Amurka tun 1892 kuma har yanzu ake shuka shi, saboda saiwarsa zagayayya ce, ja wur har ciki, kuma yana yi a ƙasa iri-iri. Na haɗa da ɗan Chioggia, wanda ya samo sunansa daga wani gari a arewa maso gabashin Italiya, wanda idan an yanka shi ɗanye ake ganin zobba ja da fari a jere. Akwai Boltardy, wanda aka san shi da rashin saurin yin fure, ya fi dacewa da wanda zai shuka da wuri a ƙasa mai sanyi, akwai kuma Cylindra mai doguwar saiwa wanda yake son ƙasa mai zurfi. A ganina, wanda zai fara noman karo na farko ya riƙe nau'i mai zagayayyar saiwa, domin ya fi saurin nuna, kuma ba ya damuwa da zurfin ƙasa kamar dogon.

Lokacin shuka kuwa, ma'aunin zafi ne yake yanke shi ba sunan wata ba. Bitirut ya fi girma da kyau idan zafin iska yana tsakanin digiri 15 da 21 a ma'aunin Selshiyas, irinsa kuma yana jinkirin tsirowa ƙwarai idan ƙasa ba ta kai digiri 7 ba. A ƙasashe masu sanyi ana jira har ƙasa ta fara ɗumi, domin idan ƙananan tsirai suka shafe makonni a ƙasa da digiri 10, suna iya ɗaukar hakan a matsayin sanyin shekara ya zo ya wuce, sai su yi fure ba su yi saiwa ba. A ƙasashe masu zafi matsalar a juye take, sai a nemi watannin da suka fi sanyi a shekara, a lissafa yadda girbi zai zo kafin zafi ya tsananta. Ni na ƙirga baya ne daga lokacin da nake sa ran zafi zai fara yawa, na cire wata biyu da rabi, na sa ranar shuka a nan. Wurin da na zaɓa yana samun rana ta aƙalla awa shida, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da saiwar take buƙata kafin ta yi kauri, ko da yake a inuwa ma zai yi ganye.

Gyaran ƙasa shi ne aikin da ya fi cin ƙarfi, kuma shi ne wanda ba a iya komawa a gyara bayan iri ya shiga. Na kafce fangalin zurfin santimita 25 zuwa 30, na farfasa hoge, na tsince duwatsu da guntayen itace da jijiyoyin ciyawa, domin duk abin da saiwa ta ci karo da shi tana ƙarama, ko dai ta karkace ko ta rabu biyu. Ƙasar da ta fi dacewa ita ce mai laushi wadda ruwa yake ratsawa ba ya kwanciya, amma kuma ba yashi zalla ba da zai bushe cikin yini ɗaya. Tawa ta ɗan fi karkata ga laka, saboda haka na ɗaga fangalin sama da ƙasa kamar santimita 15, na cakuɗa shi da takin da ya gama ruɓewa, wanda ya yi baƙi, yake marmashewa a hannu, ba ya kuma wari. Ɗanyen kashin dabbobi ba shi da wuri a fangalin bitirut, domin yana ƙona ƙananan jijiyoyi, yana sa saiwa ta yi rassa da gashi, sannan sinadarin naitirojin da ke cikinsa yana tura shukar ga yin ganye ta manta da saiwa.

Akwai wani abu game da ƙasa wanda ido ba ya gani amma bitirut yana jin sa fiye da yawancin kayan lambu, wato tsami. Yana son ƙasar da ma'auninta na pH, wato ma'aunin tsami, yake tsakanin 6.0 da 7.5, ya fi kuma sakewa a wajajen 6.5 zuwa 7.0. Idan ƙasa ta yi tsami ƙasa da 6, tsirai sukan tsumbure, ganye ya yi ƙanana ya yi ja, mutum ya yi ta ƙara taki ba ya ganin canji, alhali ba taki ne ya rasa ba. Na gwada ƙasata da ɗan abin awon da ake amfani da shi a lambu, na same ta ta ɗan yi tsami, sai na barbaɗa tokar itace kaɗan na cakuɗa makonni kafin shuka, domin toka tana rage tsami tana kuma ƙara fotasiyam, wanda saiwa take buƙata. Sai dai toka ba abin zubawa da yawa ba ce. Idan aka wuce da ita ƙasa ta koma ɗaya ɓangaren, sinadarin boron yakan ɗaure shukar ta kasa zuƙarsa, kuma bitirut yana cikin shukokin da suka fi buƙatar boron. Rashinsa ne yake kawo baƙaƙen tabo masu tauri a cikin saiwa, da mutuwar sababbin ganyen da ke tsakiya. Taki mai kyau yakan wadatar, kuma ban ga hikimar ƙara boron da ka ba, sai gwajin ƙasa ya tabbatar da rashinsa, domin tazarar da ke tsakanin wanda ya isa da wanda zai zama guba ga shuka ƙarama ce ƙwarai.

Tukwanen ba su ɗauki lokaci ba. Na tabbatar kowace tana da zurfin santimita 25 ko fiye, da huji a ƙasa don ruwa ya fita, na cika su da ƙasa mai laushi haɗe da taki.

Wanda bai taɓa riƙe irin bitirut ba zai yi mamakin kamanninsa, domin ba shi da santsi kamar sauran iri, wani ɗan dunƙule ne mai kaushi da ƙusoshi. Dalili shi ne, abin da ake kira ƙwaya ɗaya a gaskiya busasshen 'ya'yan furanni ne da suka manne da juna, kuma a cikinsa akwai iri biyu zuwa biyar. Ma'ana, ko da mutum ya saka ƙwaya ɗaya tak a kowane rami, tsiro biyu ko uku ko huɗu ne za su fito a wuri ɗaya suna matse da juna. Wannan hali ya daɗe yana wahalar da manoman bitirut na sukari, waɗanda sai sun bi gona da hannu suna ragewa, har zuwa 1948 lokacin da masanin tsirrai Viacheslav Savitsky ya gano a jihar Oregon ta Amurka wasu shukoki masu iri ɗaya a kowace ƙwaya, aka ci gaba da haɓaka su. A yau akwai nau'o'in bitirut na ci masu irin wannan hali, amma tsofaffin nau'o'i kamar waɗanda na shuka duk masu dunƙule ne, don haka tun ranar shuka na san aikin ragewa yana jirana.

Ɓawon wannan dunƙule yana ɗauke da wani sinadari da ke jinkirta tsiro, wanda ruwa yake wankewa. Saboda haka na jiƙa irin a ruwa mai ɗan ɗumi na wasu awoyi, na tsiyaye, na bar shi ya ɗan sha iska don kada ya manne a yatsu. Na ja layuka da ɗan itace, zurfin santimita 2, tazarar santimita 30 tsakanin layi da layi, na riƙa ajiye ƙwaya ɗaya a kowane santimita 5, na rufe da ƙasa mai laushi, na danna da tafin hannu don iri ya haɗu da ƙasa sosai. Ban cika fangalin gaba ɗaya a rana ɗaya ba. Na shuka rabi, na bar sauran sai bayan mako biyu zuwa uku, domin bitirut da aka shuka tare yana nuna tare, kuma gida ɗaya ba zai iya cinye girbin fangali guda a mako ɗaya ba. Na shuka shi kai tsaye a inda zai zauna, tunda dashe yakan taɓa jijiyar tsakiya, sai dai in an rene shi a ƙananan kofuna aka dasa da ƙasarsa tun yana ƙarami.

Iri yakan tsiro a cikin kwana 5 zuwa 14, gwargwadon ɗumin ƙasa. A wannan tsakani aikina ɗaya ne, kada saman ƙasa ya bushe, domin irin da ya fara buɗewa idan ya bushe ya mutu ke nan, kuma ƙasa mai laka idan ta jiƙe ta bushe takan yi ɓawo mai tauri wanda ɗan tsiro ba zai iya fasawa ba. Na riƙa yin yayyafi da butar ban ruwa mai ƙananan huji, safe da yamma idan iska ta yi yawa, ba tare da na mayar da wurin taɓo ba, saboda yawan laima yana kawo ruɓewar gindin tsiro, inda za a ga ɗan tsiro ya fito lafiya kashegari ya kwanta gindinsa ya yi baƙi ya tsuke. Da suka fito, kowanne da siraran ganye biyu a kan ɗan jan kara, sai tsuntsaye suka fara kai musu ziyara, na shimfiɗa raga a kan 'yan sanduna har suka yi ƙwari.

Ragewa ita ce matakin da na fi ganin mutane suna ja da baya a kansa, kuma na fahimci dalili, domin ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya ga tsirai masu lafiya da ya yi wa wahala sannan ya sa hannu ya cire fiye da rabinsu. Amma lissafin a bayyane yake. Saiwar da ake so ta kai faɗin santimita 5 zuwa 7 ba za ta samu wurin yin haka ba idan akwai wasu uku a cikin santimita ɗaya da ita. Za su yi ta gasar neman haske, kowanne ya miƙe ya yi dogon ganye, a ƙarshe a tono siraran jijiyoyi babu ko ɗaya mai kauri. Na yi ragewar sau biyu. Ta farko lokacin da tsirai suka kai tsawon santimita 3 zuwa 5, inda na bar mafi ƙarfi ɗaya a kowane dunƙule. A nan ban tumɓuke ba, almakashi na sa na yanke waɗanda ba na so daidai da ƙasa, saboda jijiyoyin 'yan dunƙule ɗaya a sarƙe suke, in aka ja ɗaya sai a girgiza wanda ake son bari, girgizar nan kuwa tsaiko ce ta kwanaki a gare shi.

Ta biyu ta zo ne bayan ganye na gaskiya sun yi huɗu zuwa biyar, lokacin da gindin kowane tsiro ya fara nuna alamar kumburi. Na cire ɗaya na bar ɗaya, tazara ta koma santimita 10. A wannan karo na jiƙa ƙasa tukuna, na dafe gefen wanda zai zauna da yatsu biyu, na zare maƙwabcinsa a hankali, na mayar da ƙasa na sake ba da ruwa. Waɗanda aka cire ba asara ba ne, su ne girbin farko, domin ganyensu ya fi kowane laushi. Wani abin lura kuma shi ne, tazarar da aka bari ita take tsara girman saiwa: wanda yake son ƙanana masu taushi zai iya tsayawa a santimita 7, wanda yake son manya don ajiya ya kai 12 ko fiye. Bayan 'yan kwanaki da ragewar, bambancin ya fito fili, ganyen da a da suke tsaye a tsuke suka baje, launinsu ya ƙara duhu.

Daga nan har girbi, ban ruwa ne ya zama ginshiƙin aikin. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne ruwa mai zurfin santimita 2.5 a mako, wato kimanin lita 25 a kan kowace murabba'in mita, amma wannan adadi yana ƙaruwa a ƙasa mai yashi ko lokacin iska mai bushewa. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne daidaito. Idan aka bar ƙasa ta bushe ƙayau, saiwa takan daina girma, fatarta ta yi tauri, cikinta ya fara yin zare-zare kamar itace. Idan kuma aka zo aka malala mata ruwa bayan wannan ƙishirwa, cikin ya kumbura da sauri fiye da yadda fatar za ta iya buɗewa, sai ta tsage. Hanyar da na bi ita ce cusa yatsa a ƙasa kowace safiya, in na ji laima a zurfin gaɓa biyu sai in ƙyale, in na ji bushewa sai in ba da ruwa sosai har ya sauka ƙasa, a gindin shuka ba a kan ganye ba. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafin kullum da zarar shuka ta kafu, domin yana jan jijiya zuwa ƙasa inda laima take daɗewa. Tukwane kuwa ba su bin wannan ƙa'ida, suna bushewa da sauri, kuma a ranakun zafi sai an duba su sau biyu.

Dalilin da ya sa ruwa yake barin alama a cikin bitirut yana cikin yadda saiwar take ginuwa. Ba kamar karas ba, bitirut yana yin kauri ne zobe bayan zobe, kowane zobe yana da sashen jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa da sashen naman da ke tara sukari da launi. Idan yanayi ya yi daidai, naman yana cika ya yi ja sosai har zobban su kusa ɓacewa. Idan zafi ya yi yawa ko ruwa ya yanke, launin ba ya taruwa yadda ya kamata, sai a ga fararen zobba a cikin nau'in da ya kamata ya zama ja gaba ɗaya. Wannan daban yake da zobban Chioggia, waɗanda halittarsa ce.

Don in rage saurin bushewa, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya tsakanin layuka bayan ragewa ta biyu, kaurin santimita 3 zuwa 5, ban bari ta taɓa gindin shuka ba. Ta riƙe laima, ta sanyaya ƙasa, ta kuma danne ciyawa. Ciyawar da ta fito kusa da shuka da hannu na cire ta, saboda fartanya tana yanke jijiyoyin da ke kusa da sama, in kuma ta karci saiwar sai tabon ya zauna. Taki ban ƙara da yawa ba. Da na ga ganyen tukwane ya fara yin fari-fari, alamar abincin da ke cikin 'yar ƙasar ya ragu, na ba su ruwan taki mai rauni, fangalin kuwa abin da aka zuba tun farko ya ishe shi. Ganye mai yawa kore shar ba kullum yake nufin saiwa tana girma ba, sau da yawa ma alama ce ta naitirojin ya yi yawa.

Kwari ba su dame ni sosai ba, amma biyu sun bayyana. Na farko wani ƙaramin ƙuda ne da ke jera fararen ƙwai a bayan ganye, tsutsarsa ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana ci, sai a ga wani farin tabo kamar ƙuna yana faɗaɗa. Tunda tsutsar tana ciki, feshi ba ya isa gare ta da sauƙi, maganin da ya fi shi ne juya ganye a murje ƙwan, a kuma tsinke wanda ya kamu a fitar da shi daga lambun. Na biyu darɓa ce a ƙarƙashin sababbin ganye, wadda ruwa mai ɗan ƙarfi ya wanke. Akwai kuma ciwon tabon ganye da ake kira Cercospora, mai zagayayyun tabo masu toka-toka a tsakiya da jan baki, wanda yake yaɗuwa idan an haɗa ɗumi da laima ganye kuma yana kwana a jiƙe. Wannan ne ya sa nake ba da ruwa da safe kuma a gindi, ga shi tazarar da ragewa ta samar tana barin iska ta ratsa.

A wajajen mako na shida kafaɗun saiwoyi suka fara bayyana a saman ƙasa. Wannan ba matsala ba ce, domin babban sashen abin da muke ci a bitirut gindin kara ne da ya kumbura tare da saman jijiya, don haka ɗabi'arsa ce ya zauna rabi a waje. Na ɗan ja ƙasa da ciyawar shimfiɗa na rufe kafaɗun don kada rana ta sa su yi kaushi. A wannan lokaci na riƙa tsinkar ganye ɗaya ko biyu na waje daga kowace shuka don amfanin gida, ban taɓa na tsakiya ba, ban kuma wuce haka ba, tunda ganyen ne yake haɗa sukarin da ke sauka cikin saiwa.

Bayyanar kafaɗun ta sauƙaƙa sanin lokacin girbi, domin ba sai an tona an duba ba. Na fara cirewa da suka kai faɗin santimita 4 zuwa 5, ina zaɓen manya ina barin ƙanana su samu sarari, na gama kafin mafi girma su wuce santimita 7 ko 8. Sha'awar barin su su ƙara girma tana da ƙarfi, amma bayan wannan girma zaƙi yana raguwa, zare yana ƙaruwa, musamman idan zafi ya shigo. Na jiƙa ƙasa tun daren, da safe na kama ganyen a gindi na ɗaga, inda ƙasa ta riƙe kuma na sassauta ta daga gefe ba tare da ƙarfe ya taɓa saiwar ba. Nan take na murɗe ganyen da hannu na bar kara kamar santimita 3 zuwa 5, ban yanke jelar ƙasa ba. Dalilin cire ganye da wuri shi ne yana ci gaba da zuƙe ruwa daga saiwa har ta yi laushi, dalilin barin guntun kara da jela kuwa shi ne jan launin bitirut, wanda sinadarin betanin yake bayarwa, yana narkewa a ruwa, kuma duk inda aka yi wa saiwa rauni ta nan yake tsiyaya, a ajiya ko a tukunya. Wannan launi ne masana'antun abinci suke amfani da shi da lambar E162, shi ne kuma yake sa fitsarin wasu mutane ya yi ja bayan sun ci, abin da ba shi da illa amma yakan tsorata wanda bai sani ba.

Da na yanka su, kowace saiwa ta nuna inda ta zauna. Na tsakiyar fangali, inda laima ta fi zama, sun fito ja har ciki, masu taushi da zaƙi, da ƙanshin ƙasar nan da sinadarin jiyosmin yake ba bitirut. Na bakin fangali ta gefen da iska take bugowa sun ɗan fi ƙanƙanta, kuma a wasunsu akwai siraran fararen zobba. Na tukwane sun riga kowa nuna amma ba su kai na ƙasa girma ba. Waɗanda na kwatanta a cikin fangali iri ɗaya ne, ranar shuka ɗaya, taki ɗaya, bambancin kawai yadda ruwa ya zauna a kowane wuri.

Wajen ajiya ban wanke waɗanda ba za a ci nan kusa ba, na bar ƙasar jikinsu ta bushe na kakkaɓe da hannu, na ware duk mai rauni ko tsaga don a fara da shi. Bitirut yana son sanyi na digiri 0 zuwa 4 tare da laima mai yawa. A firiji, cikin leda mai huji, yana yin makonni ba tare da ya yi laushi ba. Wanda yake da ɗaki mai sanyi sosai zai iya jera su a akwati tsakanin yashi mai ɗan laima, ba tare da sun taɓa juna ba, su yi watanni. A wuri mai zafi wannan hanya ba ta daɗewa, gara a dogara ga shuka kashi-kashi don a riƙa cirewa daga ƙasa lokacin da ake buƙata. Ganyen kuwa kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa.

Ragowar irin da ban shuka ba na zuba shi a kwalba mai murfi na ajiye a wuri mai sanyi da duhu, tunda irin bitirut yana iya kai wa shekara huɗu da ransa idan bai sha laima ba. Ban yi niyyar fitar da iri daga nawa ba, domin hakan yana buƙatar saiwar ta ratsa makonni na sanyi sannan a bar ta shekara ta biyu, ga shi iska ce take ɗaukar ƙurar furensa zuwa nesa, yana kuma haɗuwa da duk wani ɗan'uwansa da ke fure a kusa, sai irin ya fito gauraye. Fangalin da ya tashi daga ciki na kwashe ragowar ganye da jijiyoyi, na ƙara taki, na ba wake wurin. Bitirut da danginsa ba za su koma wannan fangali ba sai bayan shekara uku, saboda ƙwayoyin ciwon tabon ganye da ƙananan tsutsotsin da ke kama jijiya suna zama a ƙasa suna jiran shuka iri ɗaya, don haka shuka ta gaba za ta tafi fangalin da albasa ta tashi, wanda na riga na fara kafcewa da gwada tsaminsa.